Aiki a jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi kan biza da izinin aiki ga baƙi

Malamin da wata jami'ar Amurka ta aiko wa takardar ɗauka aiki yakan ɗauka shi ke nan an gama. Da sauran aiki. Jami'a ce ke ba da kujera, amma izinin zama a kanta yana hannun gwamnatin tarayya, kuma hukumomi uku ne ke da ta cewa: Ma'aikatar Ƙwadago mai lura da albashi, hukumar USCIS mai duba buƙatun baƙi, da Ma'aikatar Harkokin Waje wadda ofisoshin jakadancinta ke buga biza a fasfo. Ga tambayoyin da malamai, masu bincike da ɗaliban da ke dab da kammalawa suka fi yi, tare da amsoshinsu. Dokokin nan suna yawan sauyawa, don haka wanda lamarinsa ke da sarƙaƙiya ya haɗa da ofishin kula da baƙi na jami'arsa ko lauyan shige da fice.

Idan aka ce jami'a za ta ɗauki nauyin bizata, me hakan ke nufi?

Yana nufin jami'ar ce za ta tsaya maka a gaban gwamnati. Ita za ta cika takardu da sunanta, ta ce ga aikin da muke da shi, ga albashinsa, ga inda za a yi shi, ga ranar farawa da ta gamawa, ga kuma wanda muke so ya yi. A yawancin bizojin aiki kai ba ka da hurumin nema wa kanka.

Daga nan ne kusan dukkan sauran amsoshin suka samo tushe. Izinin da za a ba ka a ɗaure yake da wannan jami'ar, da wannan aikin, da wannan wurin, da waɗannan ranakun. Ba takardar da za ka sa a aljihu ka shiga kasuwar aiki da ita ba ce. Idan ɗaya daga cikin abubuwa huɗun nan ya canza sosai, sai an koma wa hukuma. Wanda ya riƙe wannan ya tsira daga mafi yawan kurakuran da ke jefa mutane cikin wahala.

Ɗaukar nauyi kuma ba wajibi ba ne a kan jami'a. Kowace tana da tsarinta. Galibi ba sa jinkiri wajen tsaya wa malamai da masu bincike, amma da yawa ba sa yi wa ma'aikatan ofis, sai dai muƙamin da ke buƙatar ƙwarewa ta musamman.

Biza da izinin zama ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Biza ita ce tambarin da ke cikin fasfo, kuma amfaninta ɗaya: ka iso bakin iyaka ka nemi a bar ka ka shiga. Da zarar ka shiga, abin da ke nuna matsayinka da ranar ƙarewarsa shi ne rajistar I-94, wadda jami'an kan iyaka ke yi maka, kai kuma ka sauke ta daga intanet. Bizarka na iya ƙarewa kana cikin ƙasar ba tare da ka karya doka ba, muddin I-94 da takardar amincewarka suna da rai. Haka kuma bizar na iya zama da sauran shekaru alhali matsayinka ya mutu, misali idan ka bar aikin.

Duk lokacin da ka dawo daga tafiya, ka duba I-94 a ranar. Wani lokaci jami'i kan rage kwanakin su yi daidai da ranar ƙarewar fasfo, mutum bai sani ba sai bayan lokaci ya wuce.

Na ji ana jefa ƙuri'a kafin a samu H-1B. Ni ma sai na shiga?

Idan jami'a ce za ta ɗauke ka, ba ruwanka da ƙuri'a. Bizar H-1B, wato ta ƙwararrun ma'aikata, wadda dokar shige da fice ta 1990 ta samar, tana da ƙayyadadden adadi a kowace shekara: 65,000, da ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama da haka a Amurka. Masu nema sun ninka wannan adadin, shi ya sa kamfanoni ke shiga zaɓe a watan Maris, wanda ya dace kuma ba zai fara aiki ba sai 1 ga Oktoba. Amma wata doka ta shekarar 2000 ta cire manyan makarantu daga wannan lissafin, tare da cibiyoyin da ke jingine da su waɗanda ba na riba ba, da cibiyoyin bincike na gwamnati da na sa-kai. Jami'a na iya shigar da buƙata a kowane wata na shekara.

Sharaɗin shi ne aikin ya kasance wanda ke buƙatar aƙalla digiri na farko a wani takamaiman fanni, kai kuma kana da wannan digirin ko makamancinsa. Idan a wajen Amurka ka yi karatu, za a nemi wata cibiya ta tantance cewa digirinka daidai yake da nasu. Ana ba da H-1B har shekara uku a karon farko, a sabunta zuwa shida gaba ɗaya.

Yaya ake bin matakan, kuma yaushe ya kamata a fara?

Sashen da ya ɗauke ka zai miƙa bayanai ga ofishin kula da baƙi. Su za su fara tantance albashi, domin doka ta ce a biya ka wanda ya fi yawa tsakanin abin da aka saba biya a wannan yankin kan irin wannan aikin, da abin da jami'ar ke biyan takwarorinka. Daga nan su shigar da takardar alƙawari ga Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake kira LCA, kuma ma'aikatar kan amince cikin kwanakin aiki bakwai. Za a liƙa sanarwa a wurin aiki na kwana goma don sauran ma'aikata su sani. Sai a cika fom I-129 a aika wa USCIS. Idan ta amince, za ta aiko da takardar I-797. Wanda ke wajen ƙasar da wannan takardar zai cika fom ɗin neman biza na DS-160 ya je ganawa a ofishin jakadanci, kuma yana iya shiga Amurka kwana goma kafin ranar fara aiki, amma ba zai taɓa aikin ba sai ranar.

Ba a karɓar buƙatar fiye da wata shida kafin ranar farawa, sai dai shirin cikin gida na jami'a shi kansa yana cin makonni. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda zai fara koyarwa a watan Agusta, ya kamata maganarsa ta isa ofishin baƙi tun farkon shekara. USCIS tana da sabis na gaggawa da ake biya daban da fom I-907, inda take ɗaukar mataki cikin kwanakin aiki 15. A lura, matakin na iya zama neman ƙarin hujja, ba lallai amincewa ba.

Akwai wata tambaya a cikin I-129 da ke jawo jinkiri ga masu kimiyya da injiniyanci: dole jami'a ta bayyana ko aikinka zai haɗa ka da fasahar da doka ta hana fitarwa waje sai da lasisi. A dokar Amurka, nuna wa baƙo irin wannan fasahar a cikin ɗakin gwaji ana lissafa shi tamkar an fitar da ita zuwa ƙasarsa.

Wa zai biya kuɗin?

A H-1B, jami'a. Kuɗin shigar da buƙata, da dala 500 na yaƙi da zamba a buƙatar farko, da kuɗin lauya idan an ɗauka, ana ɗaukarsu a matsayin ɗawainiyar mai ɗaukar aiki, kuma ba a yarda a cire su daga albashinka ta yadda zai faɗi ƙasa da abin da aka yi alƙawari ba. Jami'o'i ba sa biyan harajin horar da ma'aikata da ake ɗora wa kamfanoni. Kuɗin gaggawa kuwa ya danganta: idan sashen ne ke sauri, shi zai biya, idan kai ne kake so don wata tafiya ta kanka, ana iya barin ka ka biya. Kuɗin biza a ofishin jakadanci da takardun iyalinka galibi a wuyanka suke.

Sai babbar maganar 2025. A ranar 19 ga Satumba na shekarar, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan sanarwar da ta ɗora dala 100,000 a kan sabbin buƙatun H-1B na mutanen da ke wajen Amurka, daga 21 ga watan, na tsawon wata 12 sai in an tsawaita. Sanarwar ba ta ware jami'o'i ba. A watan Oktoba USCIS ta fayyace cewa kuɗin bai shafi wanda ke cikin ƙasar aka amince a canza masa matsayi ko a tsawaita masa ba. An kai ƙara kotu a kan lamarin. Tun da sashen jami'a ba kamfanin fasaha ba ne da zai zaro wannan kuɗin cikin sauƙi, ka tambayi ofishin baƙi inda maganar ta tsaya kafin ka ajiye aikin da ke hannunka.

Sun ce za su kawo ni da J-1 maimakon H-1B. In yarda?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a zauna a yi mata tunani, kuma ita aka fi amsawa da gaggawa.

J-1 biza ce ta musayar ilimi da al'adu, asalinta dokar Fulbright-Hays ta 1961, kuma Ma'aikatar Harkokin Waje ke kula da ita. Jami'a da kanta take fitar da takardar shaidar shirin, wato DS-2019, ba sai ta jira USCIS ba, shi ya sa ta fi sauri da arha. Kai za ka biya dala 220 na rajistar SEVIS, wato kundin gwamnati na ɗalibai da masu zuwa musayar ilimi, da kuɗin biza. Rukunin farfesa da na mai bincike suna kaiwa shekara biyar, na ziyarar ɗan lokaci wata shida. Ba lallai jami'ar ce za ta biya ka albashi ba. Kuɗin na iya fitowa daga gwamnatinku, ko jami'arka ta gida, ko wata gidauniya. Abokin aurenka ma na iya neman izinin aiki, wanda babban alheri ne. Ga mai bincike bayan digiri na uku da zai yi shekara biyu ko uku ya koma, J-1 ta dace ƙwarai.

Amma tana da ƙaya. Ba a ba da ita ga muƙamin da ke kan hanyar zama kujerar dindindin. Sai ka gamsar da jami'in biza cewa kana da niyyar komawa gida, alhali H-1B ta yarda mutum ya riƙe ta yana kuma neman zama na dindindin. Dole ne ka mallaki inshorar lafiya da kai da iyalinka, wadda za ta iya biyan aƙalla dala 100,000 kan kowace cuta ko haɗari, 50,000 na ɗaukar majinyaci zuwa gida, da 25,000 na mayar da gawa. Wanda ya yi sakaci da inshorar nan da gangan ana iya soke masa shirin. Bayan ka gama a rukunin farfesa ko mai bincike kuma, ba za ka sake dawowa a waɗannan rukunonin ba sai bayan wata 24. Mafi girman ƙayar ita ce ta gaba.

Mece ce dokar komawa gida ta shekara biyu?

Sashe na 212(e) na dokar shige da fice ya ce wasu masu J-1 sai sun koma ƙasarsu sun yi shekara biyu kafin su cancanci bizar aiki ta H ko L, ko bizar aure ta K, ko zama na dindindin. Abubuwa uku ne ke jawo ta: idan gwamnatin Amurka ko ta ƙasarku ta sa kuɗi a shirinka, idan fanninka yana cikin jerin ƙwarewar da aka ce ƙasarku na buƙata, ko idan horon likitanci na bayan digiri ya kawo ka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. An sabunta jerin ƙwarewar a Disamban 2024, aka cire ƙasashe da dama, cikinsu har da Sin, Indiya da Brazil, amma wasu da yawa suna nan.

Dokar tana bin iyalin da suka zo da J-2. Ba ta gushewa don ka tafi wata ƙasa ta uku, kuma ba ta mutuwa da tsufa: wanda ya zo da J-1 shekara goma da suka wuce bai cika shekarun ba, har yanzu tana wuyansa. Ana iya neman a yafe ta hanyoyi kaɗan: gwamnatinku ta rubuta cewa ba ta da ja, ko wata hukumar gwamnatin Amurka ta nemi a bar ka, ko ka nuna za a tsangwame ka idan ka koma, ko tafiyarka za ta jefa mata, miji ko ɗa ɗan Amurka ko mai zaman dindindin cikin matsanancin hali. Likitoci suna da tasu hanyar ta yin aiki a yankunan da ke ƙarancin likitoci. Wanda gwamnatin Amurka ta kashe wa kuɗi, irin masu Fulbright, shi ya fi shan wuya wajen samun yafiya. Kada ka rikita wannan da jiran wata 24 da aka ambata a sama. Dokoki ne biyu daban, kuma mutum ɗaya na iya faɗawa cikin duka.

Ni ɗaliba ce mai F-1, na kusa kammala digiri na uku. Zan iya fara aiki nan take?

Da izinin horon aiki na bayan karatu, wato OPT, za ki iya aiki wata 12 a fannin da kika karanta. Ke za ki nema da fom I-765 bayan ofishin ɗalibai ya ba ki sabuwar takardar shaidar ɗalibta ta I-20, kuma ba za ki fara ba sai katin izinin ya shigo hannunki kuma ranar da ke jikinsa ta yi. Idan digirin na kimiyya ne, ko fasaha, injiniyanci ko lissafi, akwai ƙarin wata 24, amma sai mai ɗaukar aikin yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata, kuma an cika tsarin horo a fom I-983. Ki tambaya tun da wuri, domin ba kowace jami'a ce ke amfani da E-Verify ga dukkan ma'aikatanta ba. Ba a yarda ki zauna ba aiki fiye da kwana 90 a shekarar farko ba, ko 150 idan an haɗa da ƙarin.

Izinin aikin cikin makaranta na awa 20 a mako da kike da shi a matsayin ɗaliba yana ƙarewa ranar da karatu ya ƙare. Nan ne da yawa ke zamewa: sun kare kundinsu, suna ci gaba da aiki a ɗakin gwajin malaminsu kamar kullum, alhali izinin ya yanke.

Takarduna ba su fito ba, ga zangon karatu ya fara. In fara aiki kyauta kafin su fito?

Kada ka yi. Aikin da aka saba biyan mutum a kansa, aiki ne a idon doka ko ba a ba ka sisi ba, balle a ce za a tara maka kuɗin a biya daga baya. Shugaban sashe mai kyakkyawar niyya na iya cewa ka shigo aji kawai kafin komai ya daidaita. Ba shi ne zai amsa tambaya a ofishin jakadanci ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki. Abin da ya dace shi ne a ɗaga ranar farawa.

Sabuntawa daban ce. Idan jami'arka ta shigar da buƙatar tsawaita H-1B kafin tsohuwar ta ƙare, za ka iya ci gaba da aiki har kwana 240 kana jiran amsa.

Wata jami'ar ta gayyace ni lacca za ta ba ni tukuici. In karɓa?

Mai H-1B yana iya zuwa ya yi jawabi, a mayar masa da kuɗin jirgi da masauki, amma karɓar lada daga wanda bai shigar masa da buƙata ba aiki ne ba da izini ba. Haka aikin ba da shawara ga kamfani, ko koyarwa a wata kwaleji da yamma. Sai ita ma ta shigar da tata buƙatar, kuma doka ta yarda mutum ya riƙe H-1B biyu a lokaci guda. Mai J-1 a rukunin farfesa ko mai bincike yana da ɗan sassauci: yana iya karɓar kuɗin lacca jefi-jefi, idan jami'in da ke kula da shirinsa ya ba shi izini a rubuce kafin laccar.

Malamin da ya zo daga waje da bizar ziyara ta B-1 ko B-2 kuwa, ana iya ba shi tukuici idan hidimar ba ta wuce kwana tara a makaranta ɗaya ba, kuma bai karɓa daga makarantu fiye da biyar ba cikin wata shida da suka gabata.

Mijina ne ya samu aikin. Ni zan iya aiki?

Ya danganta da bizarsa. Idan J-1 ce, ke J-2 ce, za ki iya neman katin izinin aiki daga USCIS, ki yi aiki a ko'ina, da sharaɗin ba da kuɗinki za a riƙe shi ba. Idan H-1B ce, ke H-4 ce: za ki iya karatu, amma aiki sai maganarsa ta zaman dindindin ta yi nisa, wato an amince da fom I-140 ɗinsa, matakin neman wannan zaman a USCIS, ko an tsawaita masa bayan shekara shida a dalilin wannan neman. Wannan damar ta fara ne a 2015. Idan O-1 ko TN ce, waɗanda bayaninsu ke gaba, matar ba ta da izinin aiki ta wannan hanyar. 'Ya'ya suna bin iyaye ne muddin ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 21 ba. Daga nan sai su nemi matsayin kansu, galibi na ɗalibi.

Zan iya komawa wata jami'ar, ko kamfani?

Daga jami'a zuwa jami'a abu ne mai sauƙi a H-1B: da zarar sabuwar ta shigar da buƙata yadda ya kamata, kana iya fara mata aiki ba sai an amince ba, kodayake jami'o'i da yawa sun fi son su ga takardar shaidar karɓa tukuna. Zuwa kamfani ne ke da wuya. Tun da ba a taɓa lissafa ka cikin 65,000 ɗin nan ba, sai kamfanin ya sa ka a zaɓen Maris kamar kowa. Wannan shi ne farashin sauƙin da ka samu tun farko, kuma ba kowa ake gaya wa ba.

Ko a cikin jami'a ɗaya, sauya muƙami zuwa wani daban, ko rage awoyi, ko komawa aiki a wani birni da ke wajen yankin da aka rubuta, yana buƙatar gyararriyar buƙata kafin canjin. Aiki daga gida a wata jiha ma ya shiga ciki. Canjin adireshin gida kuma ana sanar da shi cikin kwana goma.

Kuɗin bincike ya ƙare, an sallame ni. Kwana nawa gare ni?

Mai H-1B yana da har kwana 60, ko zuwa ranar ƙarewar I-94 idan ita ta fi kusa. A cikinsu zai samu wanda zai shigar masa da sabuwar buƙata, ko ya nemi canza matsayi, ko ya bar ƙasar. Ba ya aiki a wannan tsakanin. Idan jami'a ce ta sallame shi kafin wa'adi, wajibi ne ta biya masa kuɗin komawa ƙasarsa, shi kaɗai ban da iyali. Idan shi ya ajiye aikin, ba ta da wannan nauyin. Mai J-1 da ya kammala shirinsa yana da kwana 30 na haɗa kaya.

Ban da H-1B da J-1, akwai wata hanya?

Akwai O-1 ga wanda ya yi fice a fanninsa. Ana buƙatar babbar lambar yabo ta duniya, ko cika uku daga sharuɗɗa takwas, irin su wallafa maƙaloli a manyan mujallu, tantance aikin wasu masana, da gudummawa ta asali mai tasiri. Ba ta da ƙayyadadden adadi, ana ba da ita har shekara uku sannan a riƙa ƙara shekara ɗai-ɗai, kuma wanda dokar shekara biyu ta kama yana iya samunta daga ofishin jakadanci. Tarin hujjar ne ke da nauyi. 'Yan Kanada da Meziko suna da TN ta yarjejeniyar cinikin Arewacin Amurka, 'yan Ostareliya suna da E-3 mai gurbi 10,500 a shekara, 'yan Chile da Singapore kuma H-1B1.

Jami'a za ta nema mini katin zama na dindindin?

Idan muƙaminka na dindindin ne ko yana kan hanyar zama haka, galibi e. Ga mai kwantiragin shekara biyu ko uku, da wuya.

Hanyar da aka fi bi da malamai ita ce ta Ma'aikatar Ƙwadago, inda masu koyarwa a jami'a ke da gata na musamman. Kamfani sai ya nuna babu ɗan ƙasa ko ɗaya da ya cika mafi ƙarancin sharaɗi, amma jami'a ya ishe ta ta nuna kai ne ka fi sauran masu nema cancanta, kuma tana iya dogara da tallar da aka ɗauke ka da ita, idan an buga ta a mujallar ƙwararru ta ƙasa. Sai dai dole a shigar da takardar cikin wata 18 daga ranar da aka zaɓe ka. Ranar zaɓe, ba ranar fara aiki ba. Wanda aka zaɓa a Fabrairu ya fara a Agusta ya riga ya ci wata shida. Idan wa'adin ya wuce sai an sake tallata kujerar. Kuɗin wannan matakin doka ta ɗora wa jami'a.

Akwai kuma rukunin fitaccen farfesa ko mai bincike, EB-1B, mai buƙatar gogewar shekara uku da cika biyu daga sharuɗɗa shida. Hanyoyi biyu kuma ba sa buƙatar jami'a ta tsaya maka: EB-1A ta masu fice na musamman, da EB-2 ta wanda zai nuna aikinsa na da amfani ga ƙasa. Masu bincike na wucin gadi sun fi bin ta biyun.

Amincewa da I-140 ba ita ce kati ba. Gurabe kusan 140,000 ake rabawa a shekara ta hanyar aiki, har da iyalai, kuma ba ƙasar da ke wuce kashi 7 cikin ɗari a ƙa'ida. Ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfo ba, shi ya sa haifaffun Indiya da Sin ke jira shekara da shekaru. Ma'aikatar Harkokin Waje tana fitar da jadawalin layin kowane wata. Abu mai muhimmanci ga mai H-1B: idan an shigar da takardar ƙwadago ko I-140 aƙalla kwana 365 kafin lokacin da ake neman ƙarin, ana iya wuce iyakar shekara shida. Don haka a fara kafin shekara ta biyar ta ƙare.

A wajen intabiyu an tambaye ni ko zan buƙaci a ɗauki nauyin bizata. In faɗi gaskiya?

Faɗi. Tambayoyi biyu ne aka saba yi: kana da izinin aiki a Amurka, kuma za ka buƙaci ɗaukar nauyi yanzu ko nan gaba? Mai OPT amsarsa e ce a duka biyun. Ɓoyewa na iya zama dalilin janye tayin.

Bayan an ɗauke ka, za ka cika fom I-9 kamar kowane ma'aikaci, har 'yan ƙasa; dokar 1986 ce ta kawo shi. Kai za ka cika naka ɓangaren zuwa ranar farko ta aiki, jami'a ta duba takardunka cikin kwanakin aiki uku. Kai ke zaɓar takardar da za ka nuna daga jerin da aka yarda da su, ba a tilasta maka wata takamaimiya.

Me ya sa abokin aikina mai J-1 ya fi ni karɓar kuɗi a hannu, alhali albashinmu ɗaya?

Harajin fansho da na lafiyar tsofaffi ne, kashi 7.65 cikin ɗari. Mai H-1B yana biya tun albashin farko. Malami ko mai bincike da ke J-1 galibi ba ya biya a shekaru biyun farko na kalanda, ɗalibi mai F-1 kuma biyar. Wasu ƙasashe ma suna da yarjejeniyar haraji da Amurka da ke rage wa malamansu wani abu na ɗan lokaci.

Zan iya zuwa gida hutu?

Za ka iya, amma ka duba abu uku kafin ka sayi tikiti. Na ɗaya, idan buƙatar canza maka matsayi tana gaban USCIS, misali daga F-1 zuwa H-1B, fita daga ƙasar na sa a ɗauka ka yi watsi da canjin. Na biyu, idan bizar da ke fasfonka ta ƙare, ko ba ka taɓa samun ta sabon matsayin ba, sai ka je ofishin jakadanci kafin ka dawo, kuma ana iya riƙe takardunka don ƙarin bincike a ƙarƙashin sashe na 221(g), wanda ba shi da ƙayyadadden wa'adi. Masu fannonin kimiyya da ke da alaƙa da tsaro sun fi haɗuwa da shi. Na uku, tun daga watan Yunin 2025 an fitar da sanarwoyin da suka hana ko suka taƙaita ba 'yan wasu ƙasashe biza, kuma jerin ya sauya daga baya, don haka ka tabbatar da matsayin ƙasarku a makon tafiyar. Mai J-1 kuma ya tabbata an sa masa hannun tafiya a kan DS-2019. Ka tafi da takardar I-797 ta asali, da wasiƙar jami'a mai nuna kana kan aiki, da takardun albashi na watannin baya-bayan nan, a jakar hannu.